Garwashin Ƙafafun Kalilu

Jibiya, 9 ga Rajab

Ƙanwata Bilki,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Maraɗi. Mu nan sai godiya.

Saƙonki ya iso, kuma ban ji daɗinshi ba. Ke ma kin bi bayan Salmatu, wai in yarda a yi wa mijinta aiki a baya? Haba Bilki! Kalilu ƙaninmu ne, ni ne makwafin uba gare shi. Tun da buhun gero ya suɓuto daga saman babbar mota a bakin iyaka ya karya mashi gadon baya, ko allura aka soka wa ƙafafun nan ba su ji. Amma ga shi suna cin shi kamar garwashi, ko riga ta gogi ƙugunshi sai ya zabura, har an hana ɗiyarshi Mutmainna hawa jikinshi. To, matacce yana ciwo ne? In ka daɗe zaune ƙafa ta mutu, ai da zugi take farfaɗowa.

Likitan Kano ya ce jijiyoyin da suka lalace ne ke kai saƙon ƙarya, za a buɗe bayan a ƙone bakinsu, zafin ya lafa. Na tambaya ko zai taka, ya ce a'a. In kashe ɗan sauran ran da hannuna ke nan? Na rantse a gaban Kalilu, muddin ina numfashi ba a yi.

Ki gaishe mani da maigidan.

Yayanki,
Rabe

Jibiya, 20 ga Safar

Bilki,

Ina gaishe ki, da fatan jikin surukarki ya yi sauƙi. Shekara biyu muna gaisawa sama-sama a waya, laifina ne. Abin da bakina ya kasa ne na rubuto.

An yi aikin, yau kwana arba'in. Zafin ya tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ba hankali na yi ba, kunya na sha. Wata azahar na faɗa gidan ba zato, na iske Kalilu ya cusa tsumma a baki yana cizo. Ashe kullum haka yake, in ya ji sallamata ne yake share fuska. Na matsa mashi, sai ya ce tun shekarar farko ya san ya gama tafiya, ya yi shiru ne don kada ya sa yayanshi karya rantsuwa. Na je wajen liman, ya ce kaffarar ciyar da miskinai goma ce. Ni mai sayar da hatsi, Bilki! Da 'yan tiyoyin gero na fanshe ta kafin la'asar. Wallahi na tsani taurin kaina.

Jiya Kalilu yana zaune a kekenshi na guragu ƙofar ɗaki, ya miƙa wa Mutmainna hannu biyu, karo na farko tun tana goye. Yarinyar nan ta ja da baya, ta ɓoye hannuwanta, ta ce ai ba a taɓa Baba. Salmatu ta lallashe ta, ta ƙi. Ya daɗe hannuwanshi a miƙe, kana ya mayar da su bisa cinya, ya tambaye ni ya kasuwa.

Ki zo, don Allah. Shi ya ce ya yafe, ni ne na kasa haɗa ido da shi.

Yayanki,
Rabe