Baƙin da Ya Hau Mundayen Assalama

Dabaga, ƙasar Abzin,
bayan saukar damina.

Zuwa ga 'yata Tanalher,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Ilyas da jaririyarki, ya tsare ku daga zazzaɓin bakin teku, ya buɗa muku kasuwar Lome. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarki. Kwarin Telwa ya kawo ruwa bana har rijiyoyin lambu sun cika, awaki sun haihu, cuku ya wadata. Ƙanwarki Tinna ta fara koyon rinin fata, ko da yake har yanzu rabin jan a hannunta yake ƙarewa. Tarin babanki ya yi sauƙi, kuma yau da safe ƙarar gudumarsa ce ta tashe ni. Za ki ce wannan ai ba labari ba ne, to ki yi haƙuri ki karanta.

Saƙonki ya iso, wanda kika ce azurfar aurenki ta yi baƙi, wata maƙwabciyarki ta ce miki alamar baki ne ko ciwo, har kika tura ta ƙasan akwati ba ki gaya wa Ilyas ba. Na yi dariya har Tinna ta leƙo ta ga ko lafiya. Ba ke nake wa dariya ba, 'yata. 'Yar maƙeri, matar maƙeri, ta ji tsoron baƙin azurfa! Amma ba zan yi miki faɗa ba, domin baƙin nan ne ya kusa kashe wutar gidanmu bana, kuma manya ma sun ruɗe a kansa.

Kin san tsohuwa Assalama, uwar gidan da kakannin babanki suke yi wa ƙira tun ba a haife mu ba. Mu ke yi musu kitso, mu ke kai saƙon aurensu, mu ke yi musu waƙa ranar biki, mu kaɗai kuma ke iya zolayarsu a gaban jama'a mu kwana lafiya. Kafin damina ta kawo wa babanki karyayyun mundayen mahaifiyarta, ta ce ya narka ya sake mata su. Ya yi bisimilla ya narka, bai ƙara musu ko ƙwayar wani ƙarfe ba, ya zana musu zanen gidansu. Wata bai ƙare ba suka koma kamar gindin butar shayi. Ɗanta Anana, mai raƙuman nan da fushinsa ke riga tunaninsa isowa, ya kwaso su ya zo rumfar ƙira lokacin da maza ke shan shayi, ya zube su a gaban babanki. Ya ce wai babanki Akoli ya cinye azurfar kakarsa ya ƙera musu gwangwanin tumatir, kuma Agadas zai kai azurfar auren 'yarsa Lalla, wurin maƙeran da ke tsoron Allah.

Babanki ya ajiye gudumarsa. Ya ja amawalinsa har ƙarƙashin ido, ya tashi ya shiga gida. Washegari bai hura wuta ba, jibi ma haka, ya rataye zugazuginsa a jikin itace. Kin san bakin maƙeri ba ya mutuwa, amma mutumin da ke iya zagin amenokal, sarkin Abzinawa, cikin raha ya koma ko furar dabino sai na matsa masa yake kurɓa. Masu kawo gyaran zobe suka ɗauke ƙafa. A bakin rijiya mata suka riƙa yin shiru in na iso. Na ji zafin abin ƙwarai, don in aka kai azurfar Lalla wani gari, an gaya wa Abzin duka cewa babanki ɓarawo ne, kuma sunan zai bi ki har Lome.

Duk da haka ranar kitson Assalama na ɗauki tsinkena na tafi, don ba ni da laifin da zai hana ni. Ina kwance mata tsohon kitso sai wani wari ya bugi hancina, daga gashinta da mayafin da ta ajiye a gefe. Na ce mata yau kan 'yar manya warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi, ko dai ta fara satar ƙwan kajin masu lambu ne da tsufanta. Ta ce in yi abin da ya kawo ni, Allah ya halicci bakin maƙeriya ya manta bai sa masa marfi ba. Na ce mata ni dai wuri ɗaya na sani mai wannan wari, ruwan zafin Tafadek, don can na kai mahaifiyata lokacin da ƙafafunta suka ƙi. Alhali kowa ya san tafiyar da ta yi kwanakin baya, ta'aziyya ta ce ta je wajen dangi. Sai na ga hannunta ya sauka a gwiwarta yana matsawa a hankali.

Daga baya ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce gwiwoyinta sun daɗe suna hana ta barci, ta je ta shiga ruwan da mundayen a hannu, don ta yi alkawarin azurfar uwarta ba za ta bar jikinta ba, kuma tun a hanyar dawowa ta ga sun fara sauya launi. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta dube ni ta ce takarakit. Kin san wannan kunyar tasu, wadda ke hana su cewa suna jin yunwa ko da hanjinsu na kuka. Ta ce macen gidansu ba ta cewa wayyo, kuma in Anana ya ji, ba zai bar ta ta bi raƙuma zuwa kiwon damina ba, zai ajiye ta a ɗakin ƙasa cikin gari kamar tsohon sirdi, ita kuwa gara mata kabari. Ta ce za ta aiko wa Akoli akuya a ɓoye. Na ce mata akuya ba ta wanke suna. Amma ta riƙe hannuna ta sa na rantse ba zan faɗa ba, na kuwa rantse, na fito ina jin haushinta ina kuma jin tausayinta.

Sai na ce to bari in yi dabara. Ranar da dangi suka taru a gidansu don tsara bikin Lalla, na dafa ƙwai na tafi da shi cikin kwano mai marfi. Na tsaya a gaban Anana na ce ya ba ni zoben mahaifinsa, wanda kowa ya san tsohuwar azurfa ce da babu hannun Akoli a cikinta. Ya ce me zan yi da shi. Na ce in namiji ne ya bayar ya gani. Mutane suka yi dariya, ya cire ya miƙo. Na farfasa ƙwan da zafinsa, na ajiye zoben a gefe na rufe. Kin san su da ƙwai, ko taɓa shi ba sa yi, nan da nan maza suka ja amawali suka toshe hanci, wata gwaggonsa ta ce maƙera za su kashe su da ƙazanta. Kafin a gama shayi na uku na buɗe, zoben ya yi ɗorawa-ɗorawa, gefensa ya yi duhu. Na ɗaga shi sama na ce to ga shi, ashe mahaifin Anana ma gwangwani yake sawa.

Na ɗauka na gama, ashe na tono wata ce. Anana ya miƙe ya ce yanzu ya gane, ba sata kaɗai ba ce, har da mugun abin nan da ake cewa maƙera na jefa wa wanda suka riƙe a zuciya. Ya ce mun ɓata mundayen uwarsa, ga shi mun ɓata zoben ubansa a gaban idonsa, saura raƙumansa. Mata suka fara janye yaransu daga kusa da ni. Garin neman gira na kusa rasa ido, ga gaskiya a bakina ga rantsuwa ta danne ta. Na juya na dubi Assalama.

Tsohuwar nan ta dafa sandar tanti ta miƙe, kowa ya ji ƙarar gwiwarta. Ta ce wa ɗanta ya zauna, tun da ba shi ya haife ta ba. Ta ce babu wata ta'aziyya da ta je, Tafadek ta je a kan jaki kamar kowace tsohuwa, don gwiwoyinta sun gaji da ɗaukar ta, kuma ruwan can ne ya taɓa mundayen, Akoli bai ci mata ko ƙwaya ba. Ta ce ta ɓoye ciwo don kunya, sai ta ga kunyarta na cin naman wani, wannan kuwa ba takarakit ba ce, rashin kunya ne. Ni mai bakin zolaya, hawaye kawai nake sharewa da gefen mayafi.

Na aika aka kira babanki, na kuma sa aka kawo tukunyar alminiyam da kanwa. Ya zo bai kalli kowa ba, ya tafasa ruwa ya jefa kanwar, ya sa mundayen da zoben suka kwanta a gindin tukunya. Warin ƙwan ya taso, baƙin ya riƙa barin su a kan idon kowa. Ya ɗauraye, ya goge da tsumma, ya mayar da duhun cikin zanen da gawayi da ɗan mai, ya sa wa tsohuwa a hannu. Na rangaɗa guɗar da sai da raƙuma suka waiwayo, mata suka amsa. Washegari Anana ya zo rumfa da shayi da sukari da azurfar Lalla, ya zauna ƙasa ya ce a yafe masa. Babanki ya ce ya yafe, amma ya matsa can don har yanzu yatsansa na warin ƙwai. Da na ji haka na san mijina ya dawo. Assalama kuwa ta bi raƙuma zuwa kiwo, a kan matashin fata mai laushi da na ɗinka wa gwiwoyinta.

Don haka ki ciro azurfarki daga ƙasan akwati. Baƙin ba ciwo ba ne, ba baki ba ne, kuma ba shaidar jabu ba ce. Azurfa ba ta shiri da farar wuta, wadda ke cikin ruwan Tafadek da ƙwai da albasa da hayaƙin motoci, ga laimar teku da gumi suna ƙara mata sauri, shi ya sa ta fi yin duhu a wurinku. Marasa zane ki yi musu yadda babanki ya yi, ki tabbata sun taɓa jikin tukunyar. Masu baƙin itace ko dutse ko fata kada ki jiƙa su. Masu zane ki goge samansu kawai da tsumma da tankaɗaɗɗiyar toka, ban da yashi, kuma kada ki bi cikin zanen, duhun nan shi ke fito da aikin. Ki shanya su sarai, ki naɗe a farin ƙyalle, ki sa a gwangwani mai marfi da ɗan gawayi, nesa da roba da turare. Ki cire su in za ki yi girki ko wanka, sauran lokaci ki riƙa sa su, azurfar da ake sawa ba ta cika yin duhu ba. Kuma in wani abu na damun ki ki faɗa, mu maƙera ne, Allah ya hutar da mu daga irin waccan kunyar.

Ki gaida Ilyas, ki ce masa ya riƙa duba akwatin matarsa. Ki shafa min kan jaririya. Ki gaida kawunki Bazo da matarsa Azahra in sun zo daga Kwatano. Tinna na gaishe ki, Lalla ta ce ba za ta yafe ba in ba ki zo bikinta ba, Assalama ma ta aiko da gaisuwa daga daji. Na ce wa babanki ya faɗi abin da zan rubuta miki, ya ce ba shi da lokaci, 'yan kunnen amarya na cikin wuta, sai kawai ya dangwala yatsa a takardar ya koma. Baƙin da kika gani a ƙasan nan nasa ne, gawayin wutar da ya sake hurawa. Wannan kam kada ki goge shi.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Tamumun