Hoton Bai Fita Ba

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da abokina, jikan nan nawa da ban taɓa sa wa ido ba.

Direba ya kawo saƙo. Na buɗe ambulan ina zaton hotuna ne, sai ga faifai yana ƙyalli. Na juya gaba, na juya baya, ban ga kowa a ciki ba sai kaina. Mahaifiyarki ta ce wai yaron yana ciki, har rarrafe yake yi.

To ni tela ne, keken ɗinki na sani. Mai shagon bakin titi ya ce kwamfuta zan saya, maƙwabcinmu ya ce na'urar kunna faifai ta isa, har ya ce in zo gidansa mu kalla. Na ƙi. Ba zan fara ganin jikana a falon wani ba. Tunda ke ce kike sayar da irin kayan nan a can, ki faɗa mini wanda zan saya. Labarinsa ya ishe ni haka, gani ya kori ji.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Mama. Muna lafiya.

Kada ka sayi kwamfuta saboda faifai ɗaya. Na'urar faifai ta wadatar, a haɗa ta da talabijin ɗin falo. Ka tafi da faifan shago, a kunna a gabanka kafin ka ce ka saya. Na san ka da son ta hannu, amma araha ba ta ado. Ka ɗauki sabuwa, ka karɓi takardar garanti, ka ba Mama ajiya, don in kai ka ajiye sai an ɗaga katifa.

Wayoyi uku ne a baya. Rawaya ta hoto ce, ja da fara na murya, kowace a sa ta a rami mai launinta. Faifai a riƙe shi ta gefe, ban da dangwala yatsa a ciki. In wuta tana rawa, a zare daga soket. Kuma don Allah, Baba, na san za ka ɗinka mata riga. Ka ɗinka, amma a tuɓe mata in tana aiki, zafi ke kashe su.

In ka kunna, ka duba goshinsa da kyau. Kowa a nan cewa yake na ubansa ne, ni kaɗai na san naka ne, ba ni da mai tsaya mini shaida. Wani lokaci ina tsaye a shago ina nuna wa mutane yadda za su ɗauki iyalinsu a kyamara, sai kewar gida ta tokare ni. Hutu dai mai shago ya ce sai baɗi, ga hanyar da nisa.

Ka huta lafiya.
'Yarka.

*

Uwata,

Bayan gaisuwa. Na saya, na bi maganarki daki-daki, har rigar na ɗinka.

Murya kam tar. Dariyarsa na ji, sai da na ajiye kofin da ke hannuna. Amma hoton bai fita ba. Kamar mutum yana leƙe ta gilashin da tururi ya rufe: ga wani abu yana motsi, ga jar riga, fuska kuwa babu. Na canja rawayar wayar. Na goge talabijin har hannuna ya gaji. Na mayar da na'urar shago aka ba ni wata, ita ma kanwar ja ce. Mai shago ya rantse hoto garau yake. Dama me zai ce?

Yanzu na ji an ce allon kwamfuta ya fi fitar da fuska. Wace iri zan nema, ta tebur ko wadda ake naɗewa? Ki amsa da wuri. Goshin nan da kika ce in yi shaida a kai, ban gan shi ba tukuna.

Mahaifinki.

*

'Yar nan,

Ina gaishe ki, ki shafa mini kan angona. Ban iya doguwar gaisuwa a takarda ba.

Talabijin lafiyarsa ƙalau. Ni daga bakin ƙofa ina ƙirga haƙoran yaron, har abincin da ya zuba a riga ina gani. Idon babanki ne. Tun bara ni ke zura masa zare a allura, shayi kuma rabi a kofi rabi a tebur. Duban girman rubutunsa ma ya ishe ki. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya je yana yi wa mai shago faɗa, har bawan Allahn ya ja ni gefe ya ce shi kunya ba za ta bar shi ya sayar wa tsoho kwamfuta ba.

Kullum yana zaune da rimot, yana maido da wurin dariyar nan. Sai ya ce mini, "Yanzu me yake yi?" wai gwada ni yake ko ina kallo. Ina faɗa masa, yana gyaɗa kai. Wallahi tausayi yake ba ni.

Ya hana ni gaya miki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asibiti ya ƙi zuwa. Ke yake jin maganarki.

Mamanki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Mama ta rubuto mini, kada ka yi mata faɗa. Na karanta a bayan kantar shagonmu, na yi kuka har mai shago ya ce in tafi gida.

Ba zan zaɓa maka kwamfuta ba. Ka tambaye ni shawara, to ga ta: kafin a sake canja allo, a duba mai kallon. Ka je wurin likitan ido, Mama ta raka ka. Abin da ya ce kuma ka rubuto mini yadda ya faɗa, ban da rage wa zance tsawo irin na tela.

'Yarka mai kewarka.

*

Uwata,

Ina gaishe ki. Ni ke faɗa, mahaifiyarki ke rubutawa.

Mun je. Likita ya ce abin ya yi nisa. Duk abin da bai wuce taƙin hannu ɗaya daga hancina ba ina ganinsa har yanzu, amma bai yi mini alkawarin baɗi ba.

Da muka dawo na manna fuskata a gilashin talabijin. Kusa haka babu yaro, sai ɗigo-ɗigo ja da kore da shuɗi.

Ke kika san na'urori. In akwai wadda ake kallo daga taƙi ɗaya, ki faɗa mini. In babu, ni dai na ɗauko tef ɗina na auna: daga hancina zuwa fuskar yaron da aka rungume a ƙirji, taƙi ɗaya bai ma cika ba.

Allah ya sada mu da alheri.
Mahaifinki.