Ƙosan Juma'a da Zaɓen Rasha

Ƙofar Sauri, Katsina
5 ga Fabrairu, 2000

Zuwa ga maigidana, sanyin idanuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya sanyi, ya kaɗaici? Hajiyarka tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi. Ni ma lafiyata lau, in ban da ramar da na yi, wadda babu wanda ya lura da ita a gidan nan sai madubi.

Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis tare da hoton. Na gan ka cikin wata hula mai gashi kamar ka ɗora mage a ka, riƙe da bokiti da burushi, ga fastar wani Bature mai jan nakatayi a bango. Ka ce shugaban Rasha ya sauka da kansa a ranar ƙarshe ta shekara, za a yi zaɓe a watan Maris, kai kuma ka samu aikin liƙa fastar ɗaya daga cikin 'yan takara. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne layin ƙarshe, inda ka ce shugaban masu liƙa fastar ya dafa kafaɗarka ya ce, "In mutuminmu ya ci, ba za ka koma Afirka ba, ofis za mu ba ka."

Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Shekara biyu da wata huɗu ke nan da tafiyarka koyon injinan noma, wata biyar kacal muka yi tare bayan biki. Kai ka ce mini Yuli za ka dawo. Na zana watan Yuli a bayan ƙofar ɗakina da kwalli.

Na san yadda irin wannan take ƙarewa. A littafin da nake karantawa yanzu, mijin ya tafi ƙasar waje na wata shida, aka ba shi ofis mai kujera mai juyawa, bai dawo ba sai a littafi na huɗu, lokacin har matar ta fara furfura.

Kuskurena ɗaya, na bar hoton a kan tabarma, Baba Gwadabe ya shigo gaishe da Hajiya ya gani. Ka san ƙanen mahaifinka tun da sojoji suka koma bariki ba shi da zance sai siyasa. Ya sa na karanta mishi wasiƙar sau biyu, ya cire hula ya goge gumi, ya ce, "Alhamdu lillahi, gidan nan ya shiga gwamnati." Ya tafi da hoton, har yau bai dawo da shi ba.

Ka rubuto ka ce mini wasa ne.

Taka har abada,
Ramla

*

Ƙofar Sauri, Katsina
8 ga Fabrairu, 2000

Zuwa ga ɗanmu Injiniya Sada,

Gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka, labari ya same mu, mun yi murna matuƙa. Kada ka raina aikin fasta. Ɗanjuma mai faci da bokiti ya fara, a gabana, yau ga shi kansila, har an sa mishi fanka a ofis.

Ina sanar da kai mun kafa kwamitin goyon baya a zauren gida, ni ne shugaba, Malam Dabo tela sakatare. Mun wanke hotonka guda arba'in mun liƙa daga nan har Ƙofar Kwaya. Abubuwan da muke buƙata cikin gaggawa su ne:

Na ɗaya, sunan ɗan takarar. Rubutun da ke jikin fastar mun juya shi sama da ƙasa, mun kai wa malamin firamare, ya ce wasu haruffan a baibai suke.

Na biyu, sunan mahaifiyarsa. Malamin da zai yi mana addu'a ya ce aiki ba ya kamawa sosai in babu sunan uwa.

Sannan ka isar mishi da shawarata a matsayina na wanda ya ga jiya. Ya raba atamfa ga mata tun da wuri, kada ya bari sai ana gobe zaɓe. Ya sa wakili mai ƙarfi a kowace rumfa, wanda ba ya zuwa fitsari. Kuma hoton nan ya cika murtuke fuska, a sake wani yana dariya.

In Allah ya tabbatar, ba ma neman komai sai tarakta biyu, ko tsofaffi ne.

Wassalam. Naka,
Alhaji Gwadabe
Shugaban Kwamiti

*

Voronezh, Rasha
24 ga Fabrairu, 2000

Ramla,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ina fatan ke ma haka, da Hajiya da kowa da kowa. Wasiƙarki da ta Baba rana ɗaya suka zo. Na karanta taki na ji tausayi, na karanta tasa na yi dariya har abokin ɗakina ya ɗauka kuka nake.

Wasa ne, Ramla. Aikin kwana biyu ne, mu shida aka ɗauka daga ɗakin kwanan ɗalibai. Na yi ne don in saya miki wani mayafin ulu da na gani wurin tsofaffin matan da ke kasa kaya a bakin tashar jirgin ƙasa. Mutumin da ya yi maganar ofis ko sunana bai riƙe ba. Fastar ma washegari na tarar an liƙa tallar maganin ɓera a kanta.

Zaɓen nan ba irin namu ba ne. Babu kalangu, babu 'yan rakiya a babura, babu mai ba ka ko sabulu. Tsohuwar da ke tsaron ƙofar ɗakin kwananmu, takan ba ni shayi in sanyi ya yi tsanani, na tambaye ta wa za ta zaɓa. Ta ce, "Yaro, na ga shugabanni da yawa, ba wanda ya taɓa gyara mini famfo." Yawancin waɗanda nake hira da su sun ce mai riƙon ƙwarya ne zai ci. Damuwarsu fansho da farashin burodi da 'ya'yansu da ke fagen yaƙi.

Ki ba Baba haƙuri, ki ce ya rushe kwamitin. Ba zan aiko da sunan kowa ba, balle na uwarsa. A ina zan samo sunan uwarsa?

Akwai wata magana dabam da nake so mu yi, amma ba yanzu ba, sai na gama tunani a kanta.

Ki rage karatun littattafan nan, ki ƙara cin abinci.

Mijinki,
Sada

*

Ƙofar Sauri, Katsina
12 ga Maris, 2000

Zuwa ga maigidana, wanda zuciyata ba ta gajiya da jira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar mai biyayya. Ya shirin babbar salla a ƙasar da ba a jin kukan rago?

Na kai wa Baba saƙonka kamar yadda ka umarta. Ya saurara har ƙarshe, ya kalli Malam Dabo, suka yi murmushi tare. Ya ce, "Yaron nan ya goge. Ɗan siyasar kirki ba ya amsa muƙami a takarda." Batun suna kuma malamin ya ce ba komai, hoton ya wadatar. Yanzu haka Baturen nan mai jan nakatayi yana jingine a zaure kusa da buta, kullum bayan la'asar ana tofa mishi addu'a, har nakatayin ya fara kodewa.

Da farko na ji sanyi da ka ce wasa ne. Sai na kai wurin "wata magana dabam". Haba maigida. Ni za a ɓoye wa? Babu littafin da na taɓa karantawa aka ce "akwai wata magana" ta zamo alheri. Na gane ofishin ne, kana tunanin yadda za ka faɗa mini.

To ni ma zan faɗa maka gaskiya, don ban iya ɓoye maka komai ba. Tun da su Baba suna roƙon mutumin ya ci, ni na shiga roƙon ya faɗi. Ba ni da malami, ba ni da kwamiti, amma ina da kasko. Ranar Juma'ar nan na jiƙa wake kwano biyu, na soya ƙosai na rabar sadaka a ƙofar gida. Kowane ɗaya na jefa cikin mai sai na ce a zuciyata, Allah ka kayar da mai jan nakatayi, ka ba shi wata sana'ar mai albarka. Ba na nufinsa da sharri, ka shaida.

Matsalar da aka samu, Baba ya fito ya tarar da layi. Ya tambaya, Mairo maƙwabciyarmu ta ce sadakar zaɓen Rasha ce, iyakar abin da na faɗa mata ke nan. Sai ga Baba yana share ƙwalla. Ya tara mutanen zaure ya ce, "Ku ga 'yar halak! Mu muna surutu, ita tana aiki." Nan take suka naɗa ni shugabar mata ta kwamiti. Jiya ya aiko da wake rabin buhu da man gyaɗa galan guda.

Na rasa yadda zan yi. In na ƙi, za a gane. In na karɓa, da waken mutum nake yaƙarsa. Na karɓa.

Taka mai jiran Yuli,
Ramla

*

Ƙofar Sauri, Katsina
29 ga Maris, 2000

Zuwa ga maigidana, in har yanzu ka yarda in kira ka haka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. 

Na kayar da shi. Juma'a uku na yi ina suya, ta ƙarshe har daga Ƙofar Kwaya aka zo karɓa.

Ranar Litinin da safe Baba ya shigo da rediyonsa tsakar gida, 'yan kwamiti suka cika zaure, mu mata muna daga ciki. Sashen Hausa ya ce mai riƙon ƙwarya ya lashe tun a zagayen farko. Malam Dabo ya ce a dakata tukuna, wa ya sani ko namu ne mai riƙon ƙwaryar, tun da ba mu san sunansa ba. Aka aika GRA wurin Malam Daniel, abokin aikin marigayi babanka, ya zo da kansa da wata tsohuwar jarida mai hoton mai riƙon ƙwaryar. Aka jera hotuna biyu a tabarma. Baba ya duba da tabarau, ya duba babu tabarau. Ya ce, "Ba shi ba ne. Ko kunnen bai yi kama ba."

Gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Wallahi ban san lokacin da abin ya fito ba. Sai ji na yi wata tana rangaɗa guɗa, doguwa, mai lanƙwasa uku, irin ta ranar kai amarya. Da na buɗe ido kowa ni yake kallo, hannuna yana kan hancina.

Baba ya ce, "Shugabar mata, guɗar me?"

Ban iya ƙarya ba, na faɗi komai. Ya zauna a kan turmi. Ya ce, "Da wakena?" Na ce da wakenka, Baba. Ya ce, "Da man gyaɗana?" Na ce har da shi. Ya juya wurin Malam Dabo ya ce, "Rubuta. Anti-fati a cikin gida. Shi ya sa addu'a ta ƙi tashi, muna turawa ana janyewa."

Malam Daniel ya ce, "Alhaji, mutane miliyoyi ne fa suka jefa ƙuri'a can." Baba ya ce, "Kai ba ka ci ƙosan nan ba, Daniyel. Ni na ci. Na san abin da ke cikinsa."

Aka yi zama a kaina bayan azahar. An sauke ni daga shugabar mata, an ce in mayar da sauran waken. Baba ya nemi Hajiya ta yi mini faɗa a matsayinta na uwar miji. Ta ajiye carbinta ta ce, "Gwadabe, duk addu'ar da kuka yi a zauren nan, ka taɓa jin na ce amin?" Baba ya ɗauki rediyonsa ya fita, ya bar takalmi ɗaya. Da yamma Hajiya ta aiko mini da cinyar kaza daga kwanonta.

Amma tun jiya murnar ta gudu. Na zauna na yi tunani. Wataƙila kana son ofishin nan. Wataƙila ka sha sanyin shekara biyu ne don irin wannan damar, ni kuma na sa kasko na ƙone ta saboda son kaina. A littafi, macen da ta yi haka sai ta yi shekara bakwai tana nadama a gidan ƙanwar babarta. Ni ba ni da ƙanwar uwa, ban san inda zan je ba.

Ka faɗa mini maganar nan da ka ɓoye, kowace iri ce. In ka ce sai ka zauna, zan goge Yulin da ke bayan ƙofa da hannuna. Ka yafe mini. In ka haɗu da mai jan nakatayi, shi ma ka ba shi haƙuri.

Taka mai laifi,
Ramla

*

Voronezh, Rasha
16 ga Afrilu, 2000

Ramla,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Hajiya.

Mutumin ko ƙuri'a ɗaya cikin ɗari bai samu ba, kuma ba na jin ke ce sila. Ofis kuwa babu shi tun farko.

Ga maganar. Malamina ya nemi in ƙara shekara uku in yi digirin digirgir. Takardar ta yi wata biyu a aljihun rigar sanyina, na kasa sa hannu, na kasa mayarwa. Ranar da wasiƙarki ta zo na karanta wa tsohuwar mai tsaron ƙofa, ina fassara mata. Ta yi dariya har ta zubar da shayi, sannan ta ce, "Kana da wadda za ta kayar da ɗan takara saboda kai, me kake yi a nan?"

Na mayar da takardar jiya, ban sa hannu ba. Jirginmu zai sauka Kano ranar 14 ga Yuli, Juma'a ce. Mayafin yana cikin akwati.

Kada ki goge komai a bayan ƙofa. Ki ce wa Baba tarakta ba ta samu ba, amma mai gyaranta yana tafe. Sannan ki roƙe shi ya bar miki kwano ɗaya daga waken nan. Duk Ƙofar Sauri ta ci ƙosan, saura ni.

Mijinki,
Sada