Yayana Ya Karye, Kotu Na Neman Tudun Da Muka Binne Baba

Malama Seon-ok, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Raina a ɓace yake, ki yi haƙuri da yadda zancen zai zo.

Mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni da yayana Tae-gyun. A ƙauyenmu kusa da Sangju muna da ɗan tudu inda kakanninmu ke kwance, a nan muka binne Baba. Da yake shi ne babban ɗa, sunansa ke kan takardar filin. Amma wa ke zuwa yankan ciyawar kaburburan duk kaka? Ni. Shi yana can Daegu yana soya kaji, ana kiransa mai shago uku.

Bara, ranar tunawa da rasuwar Baba, mun gama rusunawa gaban teburin hadaya an zauna cin abinci, sai ya ja ni gefe ya ce in sayi tudun, wai ni na fi cancanta da shi. Har ƙwalla na yi, ni sakarai! Ya yanka mini farashin 'yan'uwa, bai kai rabin na kasuwa ba. Kuɗin na zuba a farar ambulan na ba Mama ta miƙa masa, don kin sani ƙani ba ya ƙirga wa yayansa kuɗi a hannu, balle ya ce a rubuta masa shaidar biya. Shi kuma nan take ya ware wani abu ya ba Mama, wai rancen da ta yi masa ne lokacin buɗe shagonsa na farko.

Ko shekara ba a yi ba ya kai kansa kotu ya ce ya karye. Ashe tun ranar cinikin bashi ya riga ya sha masa kai, ya zauna yana zuba mini giya yana murmushi.

Yanzu kotu ta naɗa wani lauya yana tona duk abin da ya fita daga hannunsa. Ya kira ni ofis yana yi mini kallon ɓarawo, ya nemi shaidar biya. Na ce uwata ce shaida, mutumin nan ko kai bai ɗaga ba. Ya ce a ganinsa kyauta ce aka yi wa rigar ciniki, zai nemi a rushe ta a sayar da tudun a biya masu bin bashi. Tudun kaburbura fa! Mama, tsohuwa tukuf, ita ma an ce ta dawo da abin da ta karɓa. Ta daina cin abinci, kullum tambayarta ko za a tone mijinta.

Na kira Tae-gyun na zazzage masa. Abin da ya iya cewa kawai, wai don ya tsirar da kabarin Baba daga masu bin bashi ya yi. Na tsane shi, Malama. So nake in koma in gaya wa lauyan da gangan ya ɓoye dukiya, a hana yafe masa bashin, ya mutu da shi a wuya. Laifi ne?

Ƙanin da aka yaudara, Sangju

Amsa

Ɗan'uwa, fushinka yana da dalili. Yayanka ya san halin da yake ciki ya ɓoye maka, ya kuma jawo tsohuwa cikin rigimar da ba tata ba. Wannan cuta ce, kome kyawun niyyarsa.

Amma lauyan nan ba mugu ba ne. Mai kai wa yayanka kaji da mai kai masa mai, su ma iyali gare su. In mutum ya sayar wa ɗan'uwa fili da araha, ya biya uwarsa ya bar sauran masu binsa, sannan ya ce ya karye, dole a duba baya. Kai ma da ka ji farashin ba ka tambayi dalili ba, don ya yi maka daɗi.

Ga abin yi. Ka ɗauki naka lauyan a makon nan. Ka karɓo takardar banki ta ranar da ka cire kuɗin ambulan ɗin. Ka tambayi lauyan naka ko za a yarda ka cika gibin farashin filin ya zauna a hannunka, da kuma matsayin kaburburan da suka daɗe a wuri, don ba kullum sayar da fili ke nufin tone mamaci ba. Kason Mama ka ɗauke mata, kada ka bari ta taka ofishin nan ita kaɗai.

Batun ramuwa kuwa, ka dawo hayyacinka. Duk abin da aka tambaye ka, faɗi gaskiya, ko da za ta cutar da shi. Amma in ka ruga don haushi kana rantsuwa cewa cinikin makirci ne, ka tuna sunan wa ke wurin mai saye. Da bakinka za ka miƙa musu tudun, kuma kai ne za ka je ka gaya wa mahaifiyarka ranar da za a zo da shebur.

Ka kira yayanka, ko da zagi za ka fara, ku je gaban lauya tare. Allah ya bar mahaifinku inda yake kwance, ya ba Mama lafiya.

Seon-ok