Hoton da Umma Za Ta Jingina

Litinin, 3 ga Maris

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: in na kulle ɗaki, zaman hoto nake koya a gaban madubi. Hannu a ƙarƙashin haɓa, kai a karkace, ido can nesa, irin na matan da ke bangon littattafan soyayyata. Baki kuwa a rufe ruf, saboda haƙorin nan nawa na gaba da ya gutsure tun ina firamare.

To yau ga ranarsa ta zo. Umma ta kira daga garin da take aikin jinya. Hotona take so, na kati, wanda za ta jingina a gefen gadonta. Yaya zai je wurinta ran Asabar, shi zai kai. Ta ce, "Auta, ko a kiran bidiyo hannunki na kan bakinki. Na fara manta dariyarki."

Na ce to. Me zan ce?

Laraba, 5 ga Maris

Na je shagon Anti mai hoto. Shuɗin labule, doguwar kujera mara majingina, fitilu biyu masu lema. Na zauna, na yi salona tsaf. Ta leƙo ta gefen kyamara ta ce, "'Yan mata, wuyan ne ya ƙage?"

Kamar in nutse! Ta dai ɗauka a hakan.

Sai ta ce fitila ɗaya na wasa, in saki jiki kafin ta gyara. Ta hango littafi a jakata, wai wa ake so a ciki? Ni da ba na iya haɗa ido da mai kanti, sai ga ni ina ta zuba: yadda jarumin ya tsaya cikin ruwan sama a ƙofar gidansu yarinyar, ya jiƙe sharkaf.

"Ba shi da lema ne?"

"Anti, soyayya ce fa!"

"Mura ce dai, ƙanwata."

Na tuntsire da dariya. Sai walƙiya, ƙyas! Ashe fitila lafiyarta ƙalau.

Alhamis, 6 ga Maris

Ba zan koma ba. (Dole in koma, ta ari littafin.)

Juma'a, 7 ga Maris

Hoto biyu ta wanke. Na farkon ya yi kyau, ba laifi, sai dai kamar wata baƙuwa ce mai jiran mota. Na biyun... ido ya ƙanƙance, ɗankwali ya zame, haƙori a fili. Amma ashe kumatuna na loɓawa in na yi dariya, sak na Umma. Ban taɓa sani ba. Wa ke dariya a gaban madubi?

Anti ta ce, "Wancan ke kika ɗauka, wannan ni. Zaɓi naki ne." Wai kuma jarumin bai burge ta ba, amma in kawo mata kashi na biyu na littafin.

Asabar, 8 ga Maris

Na sa hoton farkon a ambulan, na liƙe. Na zauna. Na ɓare.

Yaya na tsakar gida da jakarsa yana ta kira: "Malama Soyayya, mota ba ta jiran jaruma fa!"

Na biyun na sa. Ba don komai ba, na farkon ya fi dacewa da alamar shafi, shi ke nan.

Bari in je in miƙa masa kafin in sake shawara. In ya buɗe a hanya ya yi dariya, shi ya sani. Nawa haƙorin ne.