Rabin Hoton Baba

Yaya, na fita kana barci. Ka yi haƙuri, na taɓa kwamfutar gida.

Fayafayan ajiya huɗun da ka haɗe wuri guda na warware, na sake haɗawa, na ƙara girman gutsuren da ake raba bayanai da shi a kan fayafayan, wai ko za ta ƙara sauri. Ikon Allah! Ƙananan hotuna lafiya lau, manya kuwa rabi-rabi. Hoton Baba, kansa na nan, daga wuya zuwa ƙasa sai zane-zane. Me ya kawo haka?

Don Allah kada ka ajiye komai a ciki. Rubuto min lambar girman gutsuren da ka sa tun farko.

Muryar marigayiya Mama da ke ajiye a ciki kam na kasa buɗewa, ina tsoron abin da zan tarar. Sai na dawo, mu buɗe tare.

Ƙanwarka