Shirun Kolofata

Garuwa, daren Laraba

A shaida wa duniya da mazaunanta cewa wayata, wadda ba ta jin kunyar yin kuka a tsakiyar wa'azi, yau ta zaɓi yin shiru. Ni ne shugaban masu bishara na wannan yanki, amma ga ni zaune gaban ɗan ƙarfe kamar mai jiran hukunci.

Tun da na tura Fasto Yohanna garin Kolofata muka yi alkawari: kowace yamma zai kira, wayar ta yi ƙara sau ɗaya ya katse, in san ya shiga gida lafiya. Yau bai kira ba. Na neme shi, layin ba ya shiga. Uwargida ta ce, "Baban Rahila, matsalar rezo ce kawai, sabis ɗin waya. Ci tuwonka." Na ture kwanon gefe. Ni na ɗora wa Yohanna hannun addu'a na ce ya tafi, alhali dattawa sun ce a dakata saboda rashin tsaro a can.

Bayan sujadar yamma, matarsa da ya bari nan da yara ta tare ni a ƙofar majami'a. "Baba, ya taɓo ka a waya?" Na gyara murya irin ta mai wa'azi a kan bagade na ce, "Lafiyarsa ƙalau, 'yata." Ta durƙusa ta yi godiya.

Ya Ubangiji, ka tsare shi, ka mai da maganata gaskiya.

Kotun zuciyata da ta zauna a wannan ɗaki ta ci ni tara: gobe ba shayi ba ƙosai, sai na taka har gidanta na faɗa mata cewa ban san komai ba.